BASHI YA YI MINI KATUTU, IN CANJA BANKI? DARASI A KAN TSARA BIYAN BASHI DA ZAƁEN ASUSU



Kimanin wata shida da suka wuce, bayan mun idar da sallar Isha'i, wani bawan Allah ya tsaya a bakin ƙofar masallaci har kowa ya watse. Na san shi, ma'aikacin gwamnati ne, yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ba ya fashin jam'i. Da ya ga babu kowa sai ya matso ya ce: "Malam, tambaya ce da ni. Banki na bi na bashi, duk wata da zarar albashi ya shigo suke cire nasu. In na buɗe asusu a wani bankin na mayar da albashina can, ya halatta?"

Na ce masa: "Kafin mu zo kan halatta ko haramta, nawa ake bin ka gaba ɗaya?"

Ya yi shiru, can ya ce: "Ba zai wuce dubu ɗari shida ba."

Na ce: "Ka tabbata?"

Ya ce: "Wallahi Malam, ban taɓa zama na lissafa ba. Tsoron lissafin nake ji."

Wannan amsar tasa ita ta sa nake rubuta wannan darasi, kuma da izininsa nake ba da labarin ba tare da ambaton suna ba. Na fahimci cewa da yawa daga cikinmu suna da kyakkyawar niyyar biyan bashi, suna addu'a dare da rana, amma ba su da takarda ko ɗaya da ke nuna nawa ake bin su da kuma yaushe za su gama. Niyya wajibi ce, addu'a makami ce, amma bashi da lissafi aka ci shi, da lissafi kuma ake biyan sa. Asusun banki kuwa kayan aiki ne a cikin wannan lissafin, ba maɓoya ba ce.

ME YA SA LAMARIN YA KAI A YI MASA DARASI?

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, cin bashi don larura ba abin kunya ba ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya bar duniya sulkensa na yaƙi yana jingine a wajen wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Amma Shari'a ba ta ɗauki bashi da wasa ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi shahada ana gafarta masa komai ban da bashi. Ya tabbata kuma cewa an kawo wata gawa, Annabi (SAW) ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, da aka ce ana bi kuma bai bar abin biya ba, sai ya ce wa sahabbai su sallace shi su, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biyan.

Sannan ka lura da wani abu. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, kuma abin da ta fara umarni da shi shi ne a rubuta. A rubuta adadi, a rubuta wa'adi, a kafa shaidu. Ashe rubutu da lissafi a kan bashi ba ɗabi'ar 'yan boko ba ce, karantarwar addininmu ce da muka yi sakaci da ita.

MATAKI NA FARKO: KA RUBUTA KOMAI

Washegari bayan La'asar ya zo da littafi da biro. Na ce kada ya bar ko naira ɗari. Kowane bashi a rubuta abu huɗu a gabansa: wa ke bi, nawa ya rage, yaushe wa'adi, sannan yana ƙaruwa ko yana tsaye. Ga abin da ya fito:

1. Rancen albashi na banki: saura ₦414,000, ana cire ₦46,000 duk wata.
2. Manhajojin rance na waya guda biyu: ₦60,000 da ₦35,000, kullum tara tana hawa.
3. Adashi: ya riga ya kwasa, saura zubi huɗu na ₦15,000, wato ₦60,000.
4. Mai shagon unguwa: ₦48,000.
5. Abokin aikinsa: ₦100,000.
6. Wan matarsa: ₦150,000.
7. Mai kemis: ₦12,000.

Da aka haɗa sai ga ₦879,000. Mutumin da ya ce ba zai wuce dubu ɗari shida ba, ashe kusan dubu ɗari tara ne. Ya dafe kai yana salati. Amma ka san me ya faɗa mini bayan mako guda? Ya ce tun daren da ya ga adadin a rubuce ya fara samun barci. Abin da ba ka san girmansa ba shi ke hana ka runtsawa. Da ka gan shi a takarda ya zama aiki, aiki kuwa yana da ranar ƙarewa.

Idan ka taɓa cin bashi a banki ko a manhaja kuma ka manta yadda lissafin yake, ka nemi cikakken bayanin asusunka daga wajensu a rubuce. Akwai kuma kamfanonin da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin ajiye tarihin bashin mutane, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Kana iya neman rahotonka a wajensu ka ga abin da aka rubuta a kan sunanka.

MATAKI NA BIYU: KA WARE HAƘƘIN IYALI

Kuskuren da masu kunya ke yi shi ne, albashi na shigowa sai su rarraba wa duk wanda ya fi matsa musu, kafin ranar goma ga wata gida babu ko gwangwanin shinkafa, sai a koma cin sabon bashi. Ciyar da iyali wajibi ne a kanka, kuma malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ko wanda alƙali ya yanke wa hukuncin tsiyacewa ana bar masa abin da zai ci shi da iyalinsa da suturar da zai sa.

Sai dai larura daban, jin daɗi daban. Albashin mutumin nan ₦185,000 ne. Muka zauna muka tsame abin da gida ba zai tafi ba sai da shi: abinci ₦65,000, ajiyar kuɗin haya ₦15,000, kuɗin mota zuwa aiki ₦15,000, makarantar yara ₦10,000, wuta da ruwa da gawayi ₦8,000, magani da abin da ka iya tasowa ₦5,000, katin waya ₦2,000. Jimla ₦120,000. Abin da ya rage na biyan bashi shi ne ₦65,000.

To duba nan. Banki na ɗaukar ₦46,000, adashi ₦15,000, ka ga ₦61,000 ke nan. Saura ₦4,000 kacal, ga mutum huɗu da manhaja biyu suna jira. A nan ya gane abin da ya jefa shi hannun manhajoji. Duk wata manhaja za ta zare nata daga katinsa, a ranar zai sake ranta a wajenta don ya yi cefane, da ƙarin ruwa a sama. Yana haƙa rami yana cike wani ramin, kuma kowane sabon rami ya fi na baya zurfi.

MATAKI NA UKU: KA RUFE ƘOFAR SABON BASHI

Ba a kwashe ruwan ɗaki alhali rufin yana yoyo. Daga ranar da ka fara tsari, babu sabon bashi, musamman mai ruwa. Wanda ya ci bashin riba ya tuba ga Allah tuba na gaskiya, ya yi nadama, ya ƙudurce ba zai koma ba, sannan ya gaggauta fita daga cikinsa gwargwadon ikonsa. Kada Shaiɗan ya ce maka tunda ka riga ka shiga, ƙara ɗaya ba komai.

Sannan ka duba gidanka, me ka mallaka wanda ba larura ba ne? Na tambaye shi wayar da ke hannunsa nawa za ta yi. Ya yi dariya ya ce: "Malam, har waya?" Na ce har waya. Ya sayar da ita ₦120,000, ya sayi ƙarama ta ₦13,000, ya biya manhajojin nan biyu ₦95,000, ya biya mai kemis ₦12,000. A yini ɗaya masu bin sa uku suka fita daga jerin, kuma bashin da ke hawa kullum ya mutu. Shi ya sa muka fara da manhajoji: su ne gobarar da ke ci, sauran kuwa suna tsaye inda suke.

Ba mu ƙirƙiri wannan ba. A Sahihul Bukhari akwai labarin Zubairu ɗan Awwam (RA), wanda a ranar yaƙin Raƙumi ya kira ɗansa Abdullahi ya gaya masa cewa babban abin da ke damun sa shi ne bashinsa, ya yi masa wasiyya ya sayar da kadarorinsa ya biya. Da aka lissafa aka samu miliyan biyu da dubu ɗari biyu. Abdullahi ya sayar da filin mahaifinsa da ke Gaba, kusa da Madina, ya biya mutane, sannan ya ƙi raba gado sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo. Lissafi, sayar da kadara, sanarwa a fili. Tsari ke nan tun zamanin sahabbai.

Ka ƙara da wannan: malaman Malikiyya sun ce wanda bashi ya mamaye dukiyarsa ba shi da damar yin kyauta da ita, domin haƙƙin masu bin sa ya rataya a kanta. Saboda haka ankon biki, da gudummawar gwaninta, da ragon layya na kece raini, duk su dakata. Ba rowa ba ce. Kuɗin da za ka yi bajinta da su ba naka ba ne.

Idan kana da hanyar ƙara samu ta halal, ka nema. Shi mutumin nan ya fara koyar da yaran maƙwabta lissafi da yamma, yana samun ₦15,000 a wata. Kuɗin biyan bashi suka tashi daga ₦65,000 zuwa ₦80,000.

MATAKI NA HUƊU: KA JE KA SAME SU KAFIN SU ZO

Wannan shi ne mataki mafi nauyi a zuciya, kuma shi ya fi amfani. Abin da ke ƙona ran mai bin bashi ba jinkirin ba ne kawai, wulaƙancin ne: ya kira ba a ɗauka, ya zo gida a ce ba ka nan alhali ga takalminka a ƙofa, ku haɗu a hanya ka sauya lungu. Ka je da ƙafarka, da takardarka, ka ce: "Ga abin da ake bi na, ga abin da nake samu, ga abin da zan iya ba ka duk wata, ga ranar da zan gama in sha Allahu." Kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba don ka rabu da kunyar minti biyar. Dubu biyar da ke zuwa kan lokaci ta fi dubu hamsin ta baki.

Neman sassauci ba haramun ba ne. Ka'abu ɗan Malik (RA) ya taɓa bin Ibnu Abi Hadrad (RA) bashi a cikin masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Annabi (SAW) ya yaye labulen ɗakinsa ya yi wa Ka'abu nuni da hannu cewa ya yafe rabi. Ka'abu ya amince nan take, sai aka umarci wanda ake bi ya tashi ya biya sauran. Ka lura da ɓangarorin biyu: wannan ya sassauta, wancan ya tashi ya biya. Ba a ce ya je ya kwanta ba.

Mutuminmu ya je wajen wan matarsa yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da wancan ya ga takardar sai ya ce: "Ai da tun farko haka ka zo mini da ba mu kai ga ɓacin rai ba." Ya yafe masa ₦50,000, ya ce sauran ₦100,000 ya bari sai ya sallami na waje. Mai shago ya yarda da biya kaɗan-kaɗan bisa sharaɗin duk sabon sayayya kuɗi hannu. Abokin aiki ma ya yarda. Kowace yarjejeniya aka rubuta, aka sa hannu, aka kafa shaida.

Game da banki, kana iya rubuta musu takarda ka nemi a sake tsara maka biyan. Amma ka buɗe ido: sau da yawa idan an rage abin da ake cira duk wata, ana tsawaita wa'adi ne, ruwan kuma ya ƙaru. Ka tambaya a rubuce nawa ne jimlar abin da za ka biya a tsohon tsari, nawa ne a sabo. Shi da muka duba, saura wata tara ya gama, sai muka ga gara ya daure a kan yadda yake.

MATAKI NA BIYAR: KA RABA DA ADALCI

Idan masu bin ka sun yi yawa kuma abin hannunka bai isa ba, hanyar da fiƙihu ya sani ita ce kowa ya samu gwargwadon abin da yake bi. Mai bin dubu ɗari ya samu ninki biyu na mai bin dubu hamsin. Ba wanda ya fi iya masifa ne zai kwashe duka ba, a bar mai kawaici yana haɗiyar zuciya.

Ga yadda nasa ya kasance. Wata huɗun farko: banki ₦46,000, adashi ₦15,000, saura ₦19,000, abokin aiki ya karɓi ₦13,000, mai shago ₦6,000. Da adashi ya ƙare, ₦15,000 ɗin nan ba ta koma cefane ba, ta hau kan ₦19,000 ta zama ₦34,000. A wata na bakwai mai shago da abokin aiki sun fita, sai a juya kan wan matarsa. A takarda, wata na goma komai ya ƙare. Ka riƙe wannan ƙa'idar: duk bashin da ya mutu, kuɗinsa su koma kan na gaba, kada su koma aljihu.

YANZU SAI TAMBAYARSA: IN CANJA BANKI?

Amsar tana da fuska biyu, ta Shari'a da ta zahiri.

Ta fuskar Shari'a: idan manufarka ita ce ka ɓoye kuɗi don mai haƙƙi ya rasa inda zai kama ka, wannan bai halatta ba. Ya tabbata cewa jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Ya tabbata kuma cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da nufin biya Allah zai taimake shi ya biya, wanda kuwa ya karɓa da nufin lalata ta Allah zai lalata shi. Bugu da ƙari, galibin rancen albashi ana bayar da shi ne bisa sharaɗin albashinka zai ci gaba da shiga wannan bankin har ka gama biya, kuma ka sa hannu a kan haka. Kasancewar akwai riba a cikin yarjejeniyar zunubi ne da za ka tuba a kansa, amma bai mayar da uwar kuɗin da ka karɓa ta zama ganima ba.

Ta fuskar zahiri: gudun ma ba zai yi maka amfani ba. Tun daga 2014 aka shigo da lambar BVN wadda ta ɗaure duk asusunka na kowane banki da sunanka. Sannan daga ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da wani tsari da ake kira GSI. Ma'anarsa, lokacin karɓar rance kana sa hannu cewa idan ka gaza biya, bankin da ke bin ka yana da damar bin sawun BVN ɗinka ya ciro haƙƙinsa daga asusunka da ke wasu bankunan, na ajiya ne ko na yau da kullum, har da asusun haɗin gwiwa da ke ɗauke da sunanka. Abin da ƙa'idar ta yarda a cira ta wannan hanya shi ne uwar kuɗi da ruwan da ya taru, ban da tarar jinkiri. Ka ga wanda ya gudu, ya karya alkawari, ya ɓata sunansa a rahoton bashi, kuma kuɗin ba su tsira ba.

Amma akwai buɗe asusu na biyu wanda yake halal, har ma ina ba da shawarar a yi shi. Shi ne wanda manufarsa tsari ce. Albashi ya ci gaba da shiga inda aka yi alkawari, banki ya ɗauki nasa. A ranar, kafin ka taɓa ko sisi, ka tura kuɗin sauran masu bin ka kai tsaye zuwa gare su. Abin da ya rage na gida ka mayar da shi asusu na biyu, a bankin da ba ya bin ka komai, daga nan ake cefane. Kuɗin haya da na makaranta kuwa a ajiye su inda babu kati, don kada hannu ya riƙa kaiwa. Jabir ɗan Abdullahi (RA), lokacin da mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya ware dabinonsa kowane iri a tsibinsa kafin a fara auna wa masu bi, kuma Allah Ya sanya albarka aka biya kowa. Albarkar mu'ujiza ce ta Annabi (SAW), amma warewar darasi ce gare mu. Kuɗin da ke cakuɗe wuri guda ba a sanin inda suke zurarewa.

ABIN DA ZA KA DUBA KAFIN KA ZAƁI ASUSU

Na ɗaya, ya zama babu riba a cikinsa. Alhamdu lillahi yau muna da zaɓi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, sannan The Alternative Bank ya biyo baya, kuma wasu bankunan suna da sashen da ba ya mu'amala da ruwa. Ba talla nake wa kowa ba, ka je ka tambaya da kanka. Ka tambayi a kan wane ƙulli aka gina asusun. Idan ƙardu ne, kuɗinka rance ne a wajen banki, za su dawo maka da su cif, babu ƙari babu ragi. Wannan shi ne irin abin da Zubairu (RA) yake yi: idan an kawo masa ajiya sai ya ce a mayar da ita rance a kansa don yana tsoron ta salwanta. Idan kuwa mudaraba ce, ana juya kuɗin a raba ribar kasuwanci, kuma a asalin ƙullin asara na iya shafar mai kuɗi. Mai fama da bashi, kuɗin cefanensa da na hayarsa sun fi dacewa da inda ba sa motsi.

Na biyu, kada asusun ya zama mai tura maka tayin rance. Akwai manhajojin da kana buɗewa za ka ga an rubuta ka cancanci dubu kaza, danna nan. Wanda ke jinyar ciwon sukari ba ya ajiye kwalbar zuma a gefen gado. Ka guji kuma duk asusun da ke barin ka ci fiye da abin da ke ciki.

Na uku, ka tambayi cajin da ake yi. Asusun yau da kullum ana cire masa kuɗin kula da asusu gwargwadon abin da ka fitar, asusun ajiya kuwa ba a cire masa wannan. Akwai kuɗin kati, da kuɗin saƙon alat, da kuɗin tura kuɗi, da ₦50 ta gwamnati a kan turawar da ta kai ₦10,000 zuwa sama. Ɗaya-ɗaya ba su da yawa, amma mai ƙirga dubu huɗu a ƙarshen wata ya san darajarsu. Ka rage yawan cire kuɗi kaɗan-kaɗan a wajen masu POS, ka ciri na mako gaba ɗaya.

Na huɗu, ka tabbata wurin yana da lasisin Babban Banki kuma hukumar NDIC ta yi wa ajiyarsa inshora. A 2024 hukumar ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗinka ya ninka maka a wata guda don ka biya bashi da wuri, ka yi ta kanka. Masu bashi su ne abincin 'yan damfara.

Na biyar, kada ka ɗaura sabon katinka a kan wata manhajar rance. Idan tsohon katinka yana ɗaure da su kuma suna zarar abin da ya wuce haƙƙinsu, kana iya sa banki ya rufe katin, amma fa ka ci gaba da tura musu abin da suke bi da hannunka, ka ajiye rasit. Idan sun koma tura saƙon cin mutunci ga mutanen da ke cikin wayarka, ka kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya, wadda tun 2022 ta wajabta wa masu ba da rance ta waya yin rajista. Idan banki ne ya cire maka abin da ba daidai ba, ka fara kai koke a rubuce ga bankin, in ba a warware ba ka wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Na shida, kuma wannan ina roƙon ku da Allah ku kiyaye: idan ana bin ka bashin banki, kada ka ajiye kuɗin amana a asusunka. Kuɗin masallaci, na marayu, na ƙungiya, na adashin da kake riƙewa. Na'ura ba ta san wannan na marayu ba ne, sunanka kawai ta sani. Haka nan kada ka mayar da asusun matarka wurin ɓoye kuɗinka. Dukiyarta tata ce, ba a bin ta bashinka, kada ka jawo ta cikin abin da zai zame muku rigima gobe.

KALMA GA MASU BIN BASHI DA MAWADATA

Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Idan ɗan'uwanka ya zo maka da takarda da gaskiya, kada ka sa ya yi nadamar zuwa. Ku kuma masu fitar da zakka, ku tuna cewa waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Da yawansu suna sahun gaba a masallaci da wankakkiyar riga, ba za su taɓa roƙon ku ba. Ku neme su.

INA AKA KWANA?

Yau mutuminmu yana wata na shida. Ba komai ne ya tafi yadda aka rubuta ba. A wata na uku ɗansa ya kwanta asibiti, kuɗin da aka ware na magani ba su isa ba, dole ya taɓa kason mai shago da na abokin aiki. Amma tun kafin ranar biya ta zo ya kira su ya gaya musu, ya ba su rabi, suka ce Allah Ya ba yaro lafiya. Wata goman nan wataƙila ta zama sha ɗaya. Ba komai. Bai ci sabon bashi ba, albashinsa yana nan inda ya yi alkawari, kuma yanzu idan waya ta yi ƙara yana ɗauka.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan kana cikin irin wannan hali, aikin daren yau ɗaya ne: ka samu takarda da biro, ka rubuta sunan duk mai bin ka da adadin da yake bi, ka sa kwanan wata. Ka nuna wa matarka ko wani amintacce inda ka ajiye ta, domin babu wanda ya san ranar tafiyarsa, kuma ana biyan bashi ne kafin a raba gado. Sauran matakan su biyo baya gobe.

Allah Ya biya wa duk wanda ake bi bashi, Ya wadatar da mu da halal ɗinSa, Ya tsare mu daga riba da cin haƙƙin mutane, Ya sa mu bar duniya babu nauyin kowa a wuyanmu.

Wallahu a'alam.